Waɗanda suka taɓa zuwa kallon sukuwa a Newmarket, ku ba mu labari

Bazazzagin Leicester

Assalamu alaikum jama'a. Mahaifina zai zo duba mu farkon watan Mayu. Mutum ne da ya tashi a barga, har gobe akwai doki a turkensa a Zariya, kuma ba ya fashin hawan Sallah. Idan na kai shi kallon gadar Landan, "to madalla" kawai zai ce ya nemi hanyar gida. An ce min Newmarket ne garin dawaki a nan Ingila. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa min, ana ganin dawakan sosai? Wurin ya dace a kai dattijo? Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne caca da giya.

Bakano Mai Tasi

Wa alaikumus salam. Ina taya Baba murna, a ƙarshe dai Bazazzagi zai ga doki na gaske.

Filayen sukuwa biyu ne a garin, kuma ba a buɗe su lokaci guda. Rowley Mile ana amfani da shi a Afrilu da Mayu, sai kuma daga Satumba zuwa farkon Nuwamba. July Course shi ke karɓar Yuni zuwa Agusta. Wata tsohuwar ganuwar ƙasa ce ta raba su, ana ce mata Devil's Dyke. Tunda Mayu Baba zai zo, Rowley Mile ne naku, kuma kun taki sa'a, don a daidai lokacin ake yin manyan tseren nan biyu, 2000 Guineas ranar Asabar da 1000 Guineas ranar Lahadi. Na farkon tun 1809 ake yin sa, na biyun tun 1814. Duka mil ɗaya ne, na 'yan shekara uku, amma na Lahadi goɗiyoyi ne zalla.

Kada ka je da tunanin filin sukuwa na Kano, inda dawaki ke zagayawa kana bin su da ido tun daga tashi har ƙarewa. Nan miƙaƙƙiyar hanya ce sambal, ciyawa shar, ba shinge ba tsalle. Can nesa ake sakin su, ko ka ƙura ido ɗigo-ɗigo kawai za ka hango. Kusan minti guda babban allo kake kallo, mai sharhi na ta zuba a lasifika. Gaba ɗaya tseren bai kai minti biyu ba. Wanda ya zauna can saman rumfa, wallahi da shi da mai kallo a talabijin bambancin kaɗan ne.

Ni sauka nake yi in kama ƙarfen gefen hanya. Kamar mita ɗari biyu kafin layin ƙarshe akwai wani ɗan kwari da suke kira Dip. Dawakan na gangarowa cikinsa da gudu sannan su hau tudu zuwa layi. A nan ake gane na ƙwarai. Za ka ga wanda ke gaba ya rikice a gangaren, ƙafa ta ƙi daidaita, kafin ya farfaɗo na bayansa ya wuce. Kuma a bakin ƙarfen ne kaɗai za ka ji dukan kofato yana shigowa ta tafin ƙafarka, ka ji hucinsu, ka ji mahaya na yi wa juna ihu a ba su hanya. Nan za ka tsayar da Baba.

Maman Amira

Mun je da maigida da yara ranar 1000 Guineas. Ni shawarata daban ce da ta Yaya Bakano: mai son doki ya tare a da'irar da ake zagayawa da su kafin kowane tsere. Tana bayan rumfa. Ana fito da su ɗaya bayan ɗaya, ɗan barga na riƙe da linzami, su wuce ta gabanka har kana iya ƙirga jijiyoyin wuyansu. Akwai ma wata da'irar kafin wannan, inda ake ɗaura sirdi, kuma can ba cunkoso. Sirdin nan idan Baba ya gani dariya zai yi, bai fi tafin hannu biyu ba, likkafa kuma an ɗage ta can sama, mahayin a tsugune yake tafiya. Su kansu mahayan 'yan firit ne, kilo hamsin da 'yan kai. Akwai mata a cikinsu, abin da ya fi burge Amira ke nan.

Tsakanin tsere da tsere kusan rabin awa ne ko fiye kaɗan, kuma tseren kan kai bakwai. Haka za ku wuni: da'ira, bakin ƙarfe, a dawo a ga wanda ya ci ana watsa masa ruwa yana tururi, a sake komawa. Ga dattijo tafiyar da yawa, ku riƙa tsallake wasu.

Iska! Kada hasken ranar Mayu ya ruɗe ku. Fili ne fetal ba abin da ke tare ta, sai da na ɗaure mayafina da fil biyu. A sa wa Baba rigar sanyi a ƙarƙashin babbar riga. Batun sutura ba matsala, tun 2023 aka soke dokar sai ka sa kwat, kuma na ga wani da jallabiya ba wanda ya ko kalle shi. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba mu biya musu ba.

Abinci kuma a kula. Garin ya yi suna da wani tsiran naman da ake kira Newmarket sausage, ko'ina za ka ji ƙanshinsa, to naman alade ne. Mu kifi da dankali muka ci.

Malam na Bradford

Ɗan'uwa, tunda ka yi tambaya a kan caca, bari in faɗi abin da idona ya gani. Abokan aiki suka ja ni. Tseren kansa ba ni da ja a kai. Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tsere da horarrun dawaki daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Bani Zuraiƙ. Amma wurin nan a kan caca aka gina shi. Tsakanin rumfa da hanyar dawakan, masu karɓar caca ne a jere, kowa da allonsa da jakar kuɗinsa. Ɗan littafin da ake sayarwa a ƙofa, rabin amfaninsa na masu zuba kuɗi ne. Ihun da za ka ji a ƙarshen tsere ba na son doki ba ne, na kuɗi ne. Daga la'asar kuma giya ta fara aiki, samari cikin kwat suna tangaɗi, ƙasa duk yagaggun takardun waɗanda aka cinye. Ban jira na ƙarshe ba na fita. Ni ba zan kai mahaifina ba. Ban ce kowa ya bi ra'ayina ba.

Maman Amira

Malam bai faɗi ƙarya ba ko kaɗan. Abin da zan ƙara kawai, ranar Lahadi ta fi Asabar natsuwa nesa ba kusa ba, iyalai sun fi yawa. Kuma a wajen da'irar dawakan yawanci tsofaffin Turawa ne da madubin hangen nesa, ba ruwansu da hayaniya.

Babarbaren Kambirij

Bazazzagi, akwai hanyar da za ta raba ka da duk wannan gardamar, kuma ko sisi ba za ka biya ba. Ina kai kaya garin da sassafe, don haka na san shi a lokacin da 'yan kallo ba su san shi ba.

Dawakin da ake horarwa a Newmarket sun kai wajen dubu uku. Kullum da safe ban da Lahadi, da kaɗan ke fita, ana fito da su motsa jiki. Ka kai Baba Warren Hill, tudu ne a bakin gari, kan titin Moulton, daga hasumiyar agogon da ke ƙarshen babban titi tafiyar ƙafa ce kaɗan. Ku isa wajen bakwai zuwa tara. Ku tsaya a gefen titi. Ayari-ayari suke zuwa, kowace barga da nata, wani ayarin ashirin wani ya fi. Su taru a gindin tudu, sannan a riƙa sakin su bibbiyu ko ɗaiɗai suna hawowa. Mai horarwa na tsaye a gefe, ko bisa wani tsohon doki mai sanyin hali, ba ya cewa komai sai sun dawo da tafiya, ya tambayi kowane mahayi yadda ya ji dokinsa. Ba lasifika, ba mai caca, ba mai giya. Da sanyin safiya hucinsu har hayaƙi yake yi.

Garin kansa na dawaki ne kafin mutane. Suna da hanyoyinsu na daban da suka ratsa ta bayan gidaje. Inda hanyarsu ta gitta titi, dole mota ta tsaya, wani lokaci ka yi minti biyar kana jiran ayari ya ƙare, kuma kada ka kuskura ka danna oda. Dukushi ɗan shekara biyu ƙaramin abu ke firgita shi. Filin horon ma ba a yarda mai tafiya a ƙasa ya shiga ba sai bayan ƙarfe ɗaya na rana.

Wani abin da zai ba Baba mamaki, da yawa daga yaran bargar 'yan Indiya da Pakistan ne. Na sha yi musu sallama daga cikin mota su amsa daga kan doki. Akwai ƙaramin masallaci a cikin gari, da su ake cika sahu. In kun zo Talata ko Asabar kuma ranar kasuwa ce, ƙaramar kasuwa dai, kada ka sa ran Kurmi.

Bazazzagin Leicester

Allah ya saka da alheri, kowa da kowa. Malam, na ji maganarka kuma zan gaya wa Baba yadda wurin yake, shi zai yanke. Bakano, zan rama. Wanda zai zo ta jirgin ƙasa fa? Ƙanina daga Landan zai taso.

Bakano Mai Tasi

Ya hau na Kambirij daga King's Cross, ya sauya zuwa na Ipswich, minti ashirin ya isa. Amma wannan na biyun kusan awa-awa yake zuwa, ya duba lokacin komawa tun kafin ya shiga fili. Tashar 'yar ƙarama ce, kuma da tazara tsakaninta da filin. Ranar da na bi ta jirgi akwai bas da ke kwasar mutane. Sallah kuwa a wurin ajiye motoci muka yi, kan ciyawa, ba wanda ya ce mana kanzil.

Baba Alhaji

Yarana, kun tuna min da 2011. Ina bakin ƙarfen nan da Bakano ke faɗa ranar da Frankel ya ci 2000 Guineas. Dokin Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya ne, Henry Cecil ya horar da shi a nan garin. A ƙa'ida mahayi kan riƙe dokinsa, ya adana ƙarfinsa sai ƙarshe. Wannan ana buɗe ƙofa ya fice shi kaɗai. Kafin rabin hanya ya ba su rata mai ban tsoro, har wani tsoho kusa da ni ya ce yaron nan ya kashe dokin, ba zai kai ba. Mutane suka fara tafi tun bai iso Dip ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya rage gudu a tudun ƙarshe, amma duk da haka tsawon doki shida ya ba na biyu. Sau 14 ya yi tsere a rayuwarsa, ba a taɓa cin sa ba. Malam, ran nan dai ihun na doki ne, don kuɗin da ake samu a kansa bai taka kara ya karya ba, kowa ya san shi zai ci.

Ka gaya wa mahaifinka ya lura da rigunan mahaya. Shuɗiya zalla ta Godolphin ce, bargar Sheikh Mohammed na Dubai, kuma yana da gidan kiwo a garin, Dalham Hall. Sunan Godolphin ɗin ma daga wani ingarma aka ɗauko shi, ɗaya daga cikin ukun da aka kawo Ingila daga ƙasashen gabas wajen shekara ɗari uku da suka wuce, waɗanda duk dawakin tseren nan jikokinsu ne. In ƙafarsa za ta iya, ku shiga gidan tarihin sukuwa da ke Palace House, inda fadar Sarki Charles na Biyu take a da. Shi sarkin da kansa ya hau ya ci tsere a garin a 1671. Akwai tsofaffin dawakin tsere da suka yi ritaya a bayan gidan, ana matsawa kusa da su.

Ɗan Maraɗi a Beljiyam

Ni July Course na sani, lokacin da na zo wurin yayana. Ya fi daɗin zama, akwai manyan itatuwa inda ake zagayawa da dawakan, wasu rumfunan ma jinkan ciyawa ne. Amma a guji daren Juma'a na bazara, bayan tsere mawaƙa ke hawa dandali, taron na masu rawa ne. Abin da ya tsaya min, kusan duk dawakan aharas ne ko masu duhu, kili jefi-jefi, danda kuwa ban ga ko ɗaya ba. Kuma mahayi na da adadin bulalar da aka yarda ya yi, shida, in ya wuce a dakatar da shi. Na ba mutanen gida wannan labarin, suka ce ƙarya nake.

Babarbaren Kambirij

Wanda zai zo a Oktoba kuma ya leƙa Tattersalls, kasuwar gwanjon dawakin, tana cikin gari kusa da tasha. Tun 1766 kamfanin yake, kuma kowa na iya shiga. Har yau da gini suke ciniki, Baba Alhaji ya san shi, fam ɗaya da sule ɗaya. Zaure ne mai kujeru a zagaye, a shigo da dukushin da ba a taɓa ko ɗora wa sirdi ba, ɗan shekara ɗaya, mai gwanjo na ta ƙirga. Ba ka ganin mai tayawa. Wani gira kawai zai ɗaga, wani ya ɗan karkata littafin hannunsa, sai ka ji an ƙara dubu hamsin. A 2017 an sayar da wata goɗiya, Marsha, gini miliyan shida. Ni da na shiga, hannuwana biyu a aljihu suka wuni, ƙaiƙayin hanci ma haƙuri na ba shi sai da na fito.