Wai babu mata masu gyaran kuran (wutar lantarki) ne a nan arewacin Kamaru?

Maman Ikram, Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wata uku kenan kuɗin kuran ɗinmu sai hawa yake, maigida ya kira mai gyara, ya tsaya a zaure ya leƙa mita ya ce komai lafiya ya karɓi kuɗinsa ya tafi, to gidanmu ba shiga ne, bai ga firigo ɗina na ƙanƙara da folere (zoɓo) da robar ƙofarsa ta saki ba, bai ga tsohon ƙwan fitilar madafa mai kwana a kunne ba. Ni na san duk wannan amma ba wanda ya tambaye ni. Da mace ce ai har ɗaki zan kai ta.

Baban Sadiq, Marwa:
Hajiya gaskiya kika faɗa, aikina ne kuma wallahi gidaje da yawa iyakarmu zaure. Kafin nan ki sa takarda a ƙofar firigon ki rufe, in ta zare da sauƙi robar ta mutu, injin ba ya hutawa kenan balle a zafin Afrilu. Ƙwan kuma ki sa LED, mai wat 9 haskensa ɗaya da tsohon mai 60. Kin san da rani ruwan dam ɗin Lagdo mai ba mu kuran ja yake, kuran ɗin ma ba isarmu yake ba balle a bar shi yana zuba a banza.

Anti Zara, Njamena:
Ba kuran kaɗai ba ƙanwata. Lokacin da aka hana gawayi nan a 2009 mata da yawa tsoron gaz suke, maza sun yi ta bayani a banza, sai da mace ta ga maƙwabciyarta ta tuƙa tuwo a kai lafiya. Haka murhun nan mai cin itace kaɗan, wanda bai taɓa tuƙi ba ina zai san tukunya na rawa a kansa?

Abba Kuseri:
To amma wa zai bar 'yarsa ta hau kwano tana ɗaura sola?

Maman Ikram:
Yaya Abba ai ba duka ne hawan kwano ba, akwai awo akwai haɗa waya cikin ɗaki. Ni dai Ikram ta ce lantarki take so a lise teknik (sakandaren fasaha), yau da dare zan yi wa babanta maganar.