Neman kalma: me za a kira abin da ake buga sinuka da shi? Gobe da safe zan shiga shiri

Mai Shirin Wasanni: Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Lokaci ya ƙure min. Gobe da ƙarfe 7:30 na safe zan shiga da shirin wasanni, kuma na ware minti biyar don amsa tambayar wani mai sauraro. Matashi ne ɗan wasan sinuka, wasan nan da ake buga ƙwallaye a kan tebur mai aljihu, zai tafi gasa ƙasar waje, bai taɓa hawa jirgi ba, yana so ya san ko za a bar shi ya shiga da abin wasansa a hannu. Amsar na same ta: ba a shiga da shi a hannu, sai dai a ba da shi tare da manyan kaya da ake aunawa. Sunan abin ne ya tsaya min. Turawa cue suke ce masa. In na ce "sanda" kawai, tsorona kada wani dattijo mai shirin Umara ya ji an ce an hana shiga jirgi da sanda, ya bar sandar dogarawarsa a gida, alhali ita ana barin mai buƙatarta ya shiga da ita bayan an duba ta. Ku taimaka min kafin dare ya yi nisa.

Mai Tebur Uku: Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekarata 14 ina riƙe da tebura a unguwa. Yaran da ke zuwa wurina "sanda" suke cewa, "miƙo min sandar nan". Waɗanda suka ƙware har suka sayi tasu su ne ke cewa "kiyu". Ki ce sandar sinuka, an wuce wurin.

Uwar Biyu: Sandar ƙwallon tebur fa?

Mai Tebur Uku: A'a Hajiya. Ƙwallon tebur ai wancan ne na faifai da ɗan ƙwallo mara nauyi, mai raga a tsakiya. Sunan yana da mai shi tuntuni.

Uwar Biyu: Haka ne. To gora?

Mai Shirin Wasanni: Na yi tunaninta Hajiya, sai dai ƙwallon gora muke cewa hoki a labaran wasanni, kuma sandar hokin ma tana cikin jerin da zan karanta. Zan haɗa abu biyu da suna ɗaya ke nan. Akwai wata ma: yaron ainihin wasansa wanda Turawa ke kira ful ne, mai ƙwallo 15 da fari ɗaya, ba sinuka ta asali mai ƙwallo 22 ba.

Mai Tebur Uku: Kada ki kuskura ki ce ful a rediyo. Dattawa caca za su ji, wadda ake cika takarda a kan wasannin Ingila. Uban yaron ma in ya ji sai ya hana tafiyar. Mu nan duk tebur mai aljihu shida sinuka muke ce masa, babba da ƙarami.

Malamin Nahawu: Tun ɗazu nake karantawa, kuma raina bai yi daɗi ba. Harshen da ke da mabuɗi, magogi, matsefi, masassabi, a ce ya rasa sunan da zai ba ɗan itace sai ya jingina da "sinuka"? Ƙa'idar a bayyane take: a ɗauki aikatau, a sa masa ma- a gaba da -i a baya, sunan kayan aiki ya fito. Me ake yi da abin? Zungurar ƙwallo. To sunansa mazunguri, namiji, jam'i mazungurai. 'Yata, ki faɗe shi sau uku gobe, kafin wata guda ya zauna a bakin mutane.

Mai Shirin Wasanni: Allah ya gafarta Malam, ginin kalmar ba shi da makusa. Damuwata minti biyar gare ni, in na shiga bayanin mazunguri, yaushe zan kai ga maganar jirgi?

Mai Tebur Uku: Malam, da girmanka, ba zungura muke yi ba. Bugu muke yi. Kan sandar ya taɓa farin ƙwallo sau ɗaya ya rabu da shi. In ka manna masa kana turawa, a dokar sinuka laifi ka yi, maki ya tafi wa abokin karawarka. Wanda bai iya ba shi ake ce wa yana zungurar ƙwallo. Sunan da ka kawo kuskuren wasan yake kira.

Malamin Nahawu: To mabugi.

Uwar Biyu: Mabugi kuma ai na masu bugun shadda ne Malam, ƙaton guduman itacen nan.

Malamin Nahawu: Shi ya sa na fara da mazunguri, domin babu mai shi. Kalma ba sai ta bi dokar wasa ba. Jirgin sama ai ba a ruwa yake tafiya ba, amma daga jirgin ruwa muka ɗauko sunan, ya kuma zauna daram.

Ɗan Damagaram: Ƴan'uwa ku ɗan tuna da mu. Muryar gidajen rediyonku tana tsallako iyaka, ana jin ku a kasuwanninmu. Mu ba mu san sinuka ba, biyar muke cewa, daga Faransanci, sauti ɗaya da biyar ta ƙirga. Sandar kuma Faransawa "ke" suke ce mata, wato wutsiya, daga nan ma Ingilishi ya samo nasa sunan. Da can da wata sanda mai faffaɗan kai ake tura ƙwallon, in ya maƙale a jikin gefen tebur sai a juya ta a buga da wutsiyar, har wutsiyar ta zama ita ce sandar. Kun ga "kiyu" ɗin ma aron aro ne.

Malamin Nahawu: Madalla, wannan ilimi ne. Abin da nake faɗa ke nan: Bafaranshe ya dubi jikin dabba ya sa suna da harshensa, bai ji kunya ba. Mu ne kullum muke jiran a tauna a ba mu.

Ɗan Damagaram: Malam, ni ƙorafina daban ne. Ku a Nijeriya sai ku ɗauki kalmar Ingilishi ku lanƙwasa ta, ku ce ita ce daidaitacciyar Hausa. Namu aron kuwa, kamar lakkwal (makaranta) da lokotoro (likita), sai ku ce gurɓatacciya ce. Waye ya ba Kano hatimin?

Bakano Na Asali: Ba wanda ya ba ta, kasuwa ce ta ba ta. Inda aka fi buga littafi da jarida da fim, can ma'auni yake.

Ɗan Damagaram: Tun kafin a kafa injin buga littafi a Zariya ake Hausa a Gobir da Damagaram.

Bakano Na Asali: Ba mu musa ba. Amma in mai shirin ta ce "sandar biyar" gobe, duk Kano za a zaci sanduna biyar aka hana, a ce to huɗu fa?

Uwar Biyu: Don Allah ku bari. Yarinya ta zo da buƙata, kun mayar da abin gasar gari.

Malamin Nahawu: Kafin a bari, ko da za a ɗauki sandar, a daidaita: sandar ne ko sandan? Ina jin ana cewa sandan girma, ina jin sandar girma. Mazunguri ba shi da wannan matsalar.

Mai Shirin Wasanni: Ta mace nake amfani da ita a shiri Malam, sandar. Ƙarfe 10 ta wuce, ban rubuta komai ba.

Ɗan Zango A Amurka: Bari in ba ki abin da zai shiga shirin, su ci gaba da nasu. A nan Amurka hukumar TSA mai binciken fasinjoji a filayen jirgin sama, wadda aka kafa a ƙarshen 2001 bayan harin 11 ga Satumba, ta rubuta a fili: sandar ba ta shiga a jakar hannu, amma tana shiga a kayan da ake aunawa. Dalili, ana iya dukan mutum da ita. A watan Maris na 2013 sun ce za su sassauta, a riƙa shiga da ita tare da sandar hoki da ƙananan wuƙaƙe. Ma'aikatan cikin jirgi suka tayar da jijiyar wuya, zuwa watan Yuni aka janye maganar. Wasu ƙasashen da kamfanonin jirage suna da nasu tsarin, don haka yaron ya kira kamfanin da zai hau tun kafin ranar tafiya. Ki kuma faɗa masa maganar tsawo. Sandar inci 57 zuwa 58 ce, kusan santimita 147, nauyinta rabin kilo da ɗan ɗori. Kamfanoni da yawa iyakar jakarsu santimita 158 ce in an haɗa tsawo da faɗi da kauri, to doguwar da ba a kwancewa in ta shiga akwatinta tana iya zarce haka, a caje shi kuɗin ƙari. Mai gaɓa biyu da ake murɗewa a tsakiya ita ce ta tafiya.

Mai Tebur Uku: Gaskiya ya faɗa, ni ya faru da ni. Na taɓa zuwa da tawa a hannu cikin jakarta ta yadi, a wurin bincike aka ce sam. Na koma da gudu wurin awo, babbar jakata ta riga ta wuce. Haka na naɗe ta da rigata da salatif na miƙa. Da na isa masauki na haɗa ta, na kwantar da ita a kan tebur na mirgina. Duk juyi ɗaya sai in ga kan ya ɗaga ya sauka, haske yana shiga ƙarƙashinta. Ta lanƙwashe. Shekara shida hannuna ya saba da ita, na san inda take santsi da inda gumina ya sa ta yi duhu. Na zauna a bakin gado na daɗe ban ce komai ba. Ki ce masa ya nemi akwati mai tauri, ya kwance ta, ya cusa tsumma a ciki kada ta yi motsi. In babbar jakarsa za ta ɗauki akwatin a karkace, ya sa shi tsakiyar tufafi. Kuma ya buɗe ya duba tun bai fita daga filin jirgi ba.

Ɗan Zango A Amurka: Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci. A tafiyar ƙasa da ƙasa, yarjejeniyar Montreal ta 1999 kwana 7 ta ba fasinja ya kai ƙorafi a rubuce in kayansa sun lalace. Kuma abin bai bar manya ba. Stephen Hendry ɗan Sikotilan, wanda ya ci kofin duniya na sinuka sau 7 da sanda ɗaya, a 2003 aka karya masa ita cikin kaya a hanyar dawowa daga Asiya.

Mai Shirin Wasanni: Allah ya saka muku, shirin ya samu nama. Sai kuma akwatin nata, me zan ce masa?

Malamin Nahawu: Kube. Ko kwari.

Uwar Biyu: Malam, a maganar filin jirgi za a ambaci kube da kwari? Na takobi da kibiya? Yaron ya je gaban jami'i ya ce ga kubena?

Mai Tebur Uku: Akwatin sanda. Kowa zai gane.

Malamin Nahawu: Kun ga yadda kuke yi. Duk kalmar da ke da asali sai ku samo mata laifi, duk wadda aka aro sai ku ce kowa zai gane. Akwatin ma daga Yarabanci ya shigo mana. Haka aka yi da na'ura mai ƙwaƙwalwa, aka bar ta ta mutu a baki, kwamfuta ta gaje gidan. Ni ba don kaina nake wannan ba. Shekara 30 ina koyarwa, ina ganin yara suna zuwa aji ba su san majanyi ba, ba su san mazari ba. In masu rediyo ba su shuka sabuwar kalma ba, wa zai shuka?

Mai Shirin Wasanni: Malam, maganarka ta shige ni, kuma ban raina ta ba. Amma gobe yaro ɗaya nake so ya isa da sandarsa lafiya, dattijo kuma kada ya bar tasa a gida saboda ni. Ga abin da na rubuta, ku duba: "Sandar sinuka, wadda 'yan wasa ke kira kiyu, 'yan'uwanmu na Nijar kuma suka sani da sandar wasan biyar, ba a shiga jirgi da ita a hannu. A kwance ta, a sa ta a akwati mai tauri, a ba da ita tare da manyan kaya. Wannan bai shafi sandar dogarawa ba."

Ɗan Damagaram: Tunda an sa "wasan" a tsakiya, na karɓa. Da dai mu aka fara ambata.

Bakano Na Asali: Ya yi.

Mai Tebur Uku: Ya yi ƙanwata. Ki ƙara cewa kada ya bar ta a but ɗin mota cikin rana a hanyar filin jirgi, zafi ma yana lanƙwasa itace. Fatar da ke kanta kuma ya rufe ta da wani abu.

Mai Shirin Wasanni: Ita fatar me kuke ce mata?

Mai Tebur Uku: Wasu kai, wasu baki, wasu tif. Ba mu daidaita ba.

Malamin Nahawu: Ban yarda da sandar sinuka ba, sunan wucin gadi ne, siffantawa ce kawai. Amma je ki yi shirinki 'yata, Allah ya ba da sa'a. Roƙona ɗaya: in minti ya rage, ki ce wani malami ya ba da shawarar mazunguri, ki ji abin da masu sauraro za su ce.

Mai Shirin Wasanni: In ya rage zan faɗa Malam, ban yi alkawari ba. Fatar kuma "kan sandar" zan ce gobe. Sai da safenku.