Jama'a, wane suna zan kira aikin Andy Razaf da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa wani shirin rediyo kan kiɗan jaz na Amurka, amma mako guda ke nan na maƙale a kan mutum ɗaya, Andy Razaf, wanda aikinsa shi ne rubuta kalmomin waƙa, wasu su sa musu kiɗa.

An haife shi a Washinton a 1895, ya rasu a 1973. Mahaifinsa ɗan gidan sarautar Madagaska ne, dangin Sarauniya Ranavalona ta Uku, wanda aka kashe lokacin da Faransa ta mamaye tsibirin. Ya girma a unguwar Harlem ta Niyok, har ya taɓa aikin tuƙa lif a wani bene na masu wallafa waƙoƙi a Niyok. A 1929 shi ya rubuta baitocin "Ain't Misbehavin'" da "Black and Blue", Fats Waller da Harry Brooks suka sa musu kiɗa, shahararren mawaƙin jaz Louis Armstrong kuma ya fito da su duniya. Sai a 1972 aka sanya Razaf cikin jerin fitattun marubuta waƙa na Amurka, shekara guda kafin rasuwarsa.

Matsalata ita ce, a wurinmu wanda ya tsara waƙa galibi shi ke rerawa. In na ce "mawaƙi", mai saurare zai ɗauka shi ne ke riƙe da makirufo. Na gwada "sha'iri", abokin aikina ya ce wannan sai ka ce malamin ƙasida. "Marubucin waƙa" kuma ya haɗe shi da Waller, alhali Waller karin sauti ya tsara.

Don Allah masana Hausa da ma'aikatan rediyo, wace kalma kuke amfani da ita? Ranar Alhamis za mu ɗauki shirin.