Masu jinyar yara masu ciwon daji a Kano, ta ina kuka samu kuɗin magani?

Wata uwa daga Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah duk wanda ya taɓa jinyar yaro mai ciwon daji ya zo ya ba mu labari. Ɗana shekararsa 6, muƙamuƙinsa ne ya fara kumbura muka ɗauka haƙori ne, muka yi ta shafe-shafe kusan wata biyu, sai da muka je asibitin Malam Aminu Kano aka ɗebi tsoka aka gwada likita ya ce wani nau'in ciwon daji ne mai suna Burkitt. Alhamdulillah kemo na farko kawai (wato maganin ciwon dajin da ake bayarwa zagaye-zagaye) kumburin ya sace, to amma an ce akwai sauran zagaye a gaba, kuma wallahi keken ɗinkina da awakina duk sun tafi. Babansa adaidaita yake ja, shi ma ba tasa ba ce balas yake kaiwa. Ta ina ake bi?

Baban yarinya, Sheka:
Wa alaikumus salam, sannu 'yar uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Ni tawa a ƙoda ne ya kama ta, ciki ya yi ta girma gefe ɗaya. Mun kai kuka gidan rediyo, wallahi mutanen Kano akwai tausayi, satin farko alat ya yi ta shigowa har daga mutanen da ban taɓa gani ba, da shi aka yi mata aiki. Kuskuren da na yi shi ne kuɗin aikin kawai na faɗa, ban san bayan aiki akwai kemo na watanni da gwajin jini kafin kowane zagaye da sikanin ba, ga kuɗin mota zuwa asibitin Shika a Zariya da aka tura mu gashin ciwon da na'ura. Da na koma nema a karo na biyu kunya ta ishe ni, mutane kuma suna ganin ai an riga an taimaka. Don haka ki roƙi likita ya rubuta miki takardar abin da za a kashe tun daga yau har ƙarshe, ki yi kwafi da yawa. Ki je ofishin soshiyal walfiya na asibitin, ki kai ɗaya Hukumar Zakka da Hubusi, ɗaya kuma maigidanki ya kai wa limamin masallacin Juma'arku, in liman ya yi shela da bakinsa mutane sun fi sakin jiki.

Ɗan Kwari:
Ni daga ɓangaren masu bayarwa zan yi magana. A layinmu mu kusan ashirin muke haɗa wani abu duk ƙarshen wata, kamar adashi. Da can hannu da hannu muke bayarwa, sai aka taɓa yaudararmu da hoton wani yaro, ashe shekara biyu da rasuwarsa. Ranmu ya ɓaci sosai wasu suka ce sun daina. Yanzu ɗaya daga cikinmu ne yake zuwa asibiti da ƙafarsa ya ga yaron, ya biya a famasi ya kawo rasit. Kuma mun gane gara mu riƙe yaro ɗaya har a sallame shi da mu yayyafa wa goma kowa ya tsaya a rabi.

Nas a ɗakin yara:
Maganar tsayawa a rabi ita ta fi ci min rai. Hajiya dan girman Allah kar sacewar kumburin nan ta ruɗe ki, Burkitt haka yake, yana jin magani da sauri amma in aka katse ya dawo ya fi wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 na yaran nan suna warkewa, a irin ƙasashenmu kuwa da yawa ba sa kai kashi 30, kuma zuwa asibiti a makare da barin magani suna cikin manyan dalilai. Sannan ba kuɗi ne kaɗai taimako ba, yaran nan suna shan jini sosai, matashi mai lafiya in ya zo ya ba da leda ɗaya ya ɗauke wa iyaye nauyi babba. Iyaye kuma in kun ga wani fari yana ƙyalli a tsakiyar idon jariri kamar idon mage da dare, ku kawo shi a satin nan, don yana iya zama alamar ciwon dajin ido.

Wata baiwar Allah, Rijiyar Lemo:
Mu mun tsaya a zagaye na uku saboda babu, muka koma gida muna cewa in an samu za mu dawo. Da aka samu ɗin lokaci ya ƙure. Allah Ya karɓi abinsa ana saura kwana kaɗan azumi. Ban iya yawan magana a kai ba har yanzu. Duk Juma'a dai ina dafa abinci in kai wa matan da ke jinya, don na san yadda uwa take kwana da yunwa ta ce ta ƙoshi saboda kuɗin allura.

Wata uwa daga Kurna:
Innalillahi, Allah Ya sa mai ceto ne, wallahi sai da na yi hawaye. Na gode muku duka. Gobe in sha Allahu zan nemi takardar nan a wajen likita. Alhaji na Kwari dan Allah zan yi maka magana ta gefe, muna ɗakin yara a kwance, duk ranar da wakilinku ya samu dama ya zo ya gan shi da idonsa. Zagaye na biyu ranar Litinin ne kuma sun ce jininsa ya yi ƙasa, sai an ƙara masa kafin nan.