Wai mu ne cima-zaune?

Ɗan Akko: Wallahi raina a ɓace yake, yau ma wani ya ce mana mu 'yan arewa cima-zaune ne wai man fetur ɗinsu na kudu muke ci. To kafin a gano mai a Oloibiri da ke jihar Bayelsa ta yau a 1956 da me ƙasar nan take tafiya? Kwal ɗin Enugu ke tuƙa jirgin ƙasa, kuzar Jos ake lodawa zuwa Ingila, yanzu ma ga kwal ɗin Maiganga a jihar Gombe ana yin siminti da shi a Ashaka amma an yi shekara da shekaru ma'adinai ko kashi 1 cikin 100 na tattalin arziki ba sa kaiwa. An watsar da arzikinmu ne kawai.

Mutumin Bukuru: Arzikinmu ku da wa? Kuza a Filato take, mu aka bar wa ramuka cike da ruwa har yau, sai an zo lissafi ake tuna mu 'yan arewa ne.

Ɗan Akko: Haba ɗan'uwa, Jos ba arewa ba ce?

Na Anka: Kowa na cewa namu namu, a 2010 da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara wajen niƙa dutsen zinare wa ya ce 'ya'yanmu ne?

Malamar Makaranta: Tsarin mulkin 1999 ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ba na jiha ba.

Mutumin Bukuru: To Malama tarayya ta zo ta cike ramukan mana.

Na Anka: Buhari ya hana haƙa a Zamfara a 2019, kashe-kashen sun tsaya? Talaka kawai aka hana.

Baban Ummi: Kai yaro ka iya bakinka, Tinubu da gwamnatinsa ta ɗage haramcin a Disambar 2024 me ya tsinana muku?

Na Anka: Baba ni ba yaronka ba ne, kuma ban ce ina tare da kowa ba.

Baban Ummi: Tarbiyya dai ta yi ƙaranci.

Ɗan Akko: Jama'a maganar kwal fa nake yi.

Admin: An rufe nan. Abin da na fahimta kowa ya yarda arewa ba cima-zaune ba ce kuma Jos arewa ce, mutum ɗaya ne ya kawo rabuwar kai. Na Anka ka ba Baba haƙuri.