Tari ya ƙi sakina a Guangzhou, an haɗa mini maganin gargajiyar Sinawa, ku ba ni shawara

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwanana ashirin da biyar a Guangzhou, na zo sarin yadi, ina zaune a wajen unguwar Xiaobei. Tun satin farko tari ya kama ni. Garin akwai laima sosai a wannan lokaci, har bangon ɗaki yana tsattsafo da ruwa, ga na'urar sanyaya ɗaki ina kwana da ita. Majinar fara ce, mai yawa, ta fi taruwa da asuba, ƙirjina kuma kamar an ɗora dutse. Ba zazzaɓi. Na sha kwalba biyu ta Pei Pa Koa, baƙin maganin tarin nan mai kauri kamar maɗi, yana sanyaya maƙogwaro amma tarin na nan.

Jiya wakilina Basine ya kai ni wurin likitan gargajiyarsu. Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannuna na dama, ya koma na hagu, ya duba harshena, ya tambayi launin majina da ko ina son ruwan sanyi ko na ɗumi. Ya ce sanyi da laima ne suka taru a jikina. Ya hana ni ruwan sanyi, madara, soye-soye da kayan zaƙi, ya ce in ajiye Pei Pa Koa ɗin ma. An dafa mini magani an ƙulla a leda goma sha huɗu, safe da yamma na sati guda. Ban fara sha ba. Ina da hawan jini shekara shida ina kan ƙwaya, kuma ban san abin da ke ciki ba, ko ya halatta. Sannan Hajiyarmu a Kano ta fi wata biyu tana tari, na so in saya mata irinsa. Me kuka gani?

Ɗalibi a Nanjing:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sawwaƙe. Shekarata ta huɗu ke nan ina karatun likitanci a nan, kuma an yi mana darasin gargajiyar, bari in faɗi yadda suke kallon abin. A wurinsu babu abu ɗaya da ake kira maganin tari. Sai an raba tarin tukuna. Majina fara mai ruwa-ruwa, da farin tabo mai kauri a kan harshe, suna cewa ta sanyi da laima ce, sai su ba da abin da ke ɗumamawa yana busarwa. Majina rawaya mai danƙo da ciwon maƙogwaro da ƙishirwa ta zafi ce, ita ake sanyayawa. Busasshen tari mara majina kuwa jiƙa shi ake yi, shi ya sa za ka ga iyaye mata suna turara wani ɗan itace mai ruwa da suke kira li, dangin tuffa, da garin saiwar wani tsiro mai suna chuan bei da sukarin dutse.

Daga nan za ka gane dalilin hana ka Pei Pa Koa. Tushensa chuan bei ne da ganyen wata bishiya da suke kira pipa da zuma, duka masu jiƙawa da sanyayawa, na busasshen tari ke nan. A lissafinsa, ƙara wa jiƙaƙƙe ruwa kake yi. Hana madara da zaƙi ma yana da tushe a wurinsu: suna da magana cewa saifa ce ke haifar da majina, huhu rumbun ajiyarta ne kawai. Saifar da suke nufi ba tsokar da muke gani a ɗakin fiɗa ba ce, aikin narkar da abinci gaba ɗaya suke kira haka. Don haka suke bi ta ciki su gyara ƙirji.

Ina kyautata zaton an gina maganinka ne a kan Er Chen Tang, haɗin da ke cikin kundin magungunan hukuma tun daular Song, kusan shekara 900 ke nan. Ginshiƙansa huɗu: ban xia, chen pi, fu ling da gan cao. Chen pi busasshen ɓawon lemu ne da aka ajiye shekaru, na Xinhui a nan lardin Guangdong da kake ya fi suna, in ka leƙa kasuwar Qingping za ka gan shi buhu-buhu. Ban xia dangin gwaza ne, ɗanyensa yana ƙaiƙayi yana kumbura maƙogwaro, sai an sarrafa shi da citta da alif kafin a sha. Kada ka taɓa sayensa ɗanye. Amma zato kawai nake yi, ka nemi takardar haɗin, haƙƙinka ce, ka ɗauki hotonta ka turo.

Maman Khalifa:
Sannu Alhaji. Ni dai da ka dafa citta da kanumfari ka sa zuma da lemun tsami, ka kashe na'urar sanyin nan. Abin da ka sani ya fi abin da ba ka sani ba.

Ɗalibi a Nanjing:
Hajiya, su ma Sinawan citta da jan sukari suke dafa wa wanda sanyi ya kama, a nan kun haɗu. Sai dai nasa ya kai sati uku.

Likita daga Zariya:
Alhaji, kada ka sha ko leda ɗaya sai ka koma ka gaya masa kana da hawan jini. Ban ga ka ce ka faɗa masa ba, kuma nan ne hatsarin yake. Abu biyu nake tsoro. Na farko wani tsiro mai suna ma huang, wanda suke yawan sawa a maganin tarin sanyi tun zamanin tsohon likitansu Zhang Zhongjing, wajen shekara ta 200. Yana buɗe hanyar numfashi da gaske, domin daga cikinsa aka fara samo sinadarin efedirin, amma yana ɗaga jini yana sa zuciya gudu. A 2004 Amurka ta hana sayar da shi a matsayin abin ƙarin lafiya bayan an samu masu shanyewar jiki da mace-mace. Na biyu gan cao, saiwar nan mai zaƙi da Larabawa ke kira irƙus-sus. Haɗe-haɗensu da yawa suna da ita, har Pei Pa Koa da ka sha. Tana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa ya zubar da fotasiyam, jini ya hau. Ɗan kaɗan na 'yan kwanaki ba ya cika damun mai lafiya, amma kai ba a wannan sahun kake ba. In ka ga xing ren a takardar, ƙwallon ɗan itace ne mai ɗaci, yana da irin gubar da ke cikin ɗanyen rogo mai ɗaci, don haka ba a wuce awon da aka rubuta.

Ban raina iliminsu ba, mutanen da suka shafe ƙarnoni suna lura da marasa lafiya suna rubutawa ba za a ce ba su ga komai ba. Amma launin majina da bugun jijiya ba sa nuna tarin fuka. Duk tarin da ya wuce sati biyu hoton ƙirji yake so da gwajin majina. Manyan asibitocin gargajiya a ƙasar Sin ma suna da na'urar hoto, ba za su ga baƙon abu ba in ka nema. In ka ga jini a majina, ko zufar dare, ko rama, ko numfashi na sarƙewa, a ranar za ka je.

Maganar Hajiyarku ta Kano ta fi tayar mini da hankali. Dattijuwa, wata biyu tana tari, ba tsaraba take jira ba. A kai ta asibiti gobe, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Kuma maganin da aka auna da harshenka da jijiyarka, ko a ƙa'idar Sinawan kansu bai zama nata ba.

Malam na Yiwu:
Allah ya ƙara lafiya Alhaji. Tambayar halacci a kan hanya take. Mafi yawan kayansu tsirrai ne, amma a maganin tari akwai di long, wato busasshiyar tana, akwai ge jie, wata babbar tsaka, akwai ruwan maganin da ake haɗawa da ɗacin maciji, sunansa yana farawa da she dan. Wasu saiwoyin kuma da giyar shinkafa ake sarrafa su. Malamai sun yi maganganu a kan magani da irin waɗannan in lalura ta kama, amma kai ba ta kama ka ba tunda akwai madadi. Ka ce da wakilinka ya gaya masa kai Musulmi ne, tsirrai zalla kake so. Na sha yin haka, ba su taɓa ƙi ba.

Ɗan Kwari:
Yaya, ƙari ɗaya. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyin tari masu ruwan ƙasa da ake kira fufang gancao pian, suna da arha. Akwai garin ofiyam a cikinsu. Kada wani ya ce ka zuba a jaka don tsaraba. Ka san tun 2018 da aka hana maganin tari mai kodin a gida Najeriya ake sa ido a kan duk abin da ya yi kama da haka.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Likita, gaskiyarka, ban faɗa masa ba, shi ma bai tambaya ba. Na koma da safen nan na karɓo takardar, na tura wa ɗan uwanmu na Nanjing. Huɗun da ya lissafa duk suna ciki, da xing ren, da ma huang giram shida. Babu kayan dabba. Da likitan ya ji maganar hawan jini sai ya gwada ni, ya karɓe ledojin, ya sake rubuta wani ba ma huang, ya rage gan cao. Shi ma na ajiye shi sai na ga sakamakon hoton ƙirji, an ba ni ƙarfe tara na safiyar gobe. Na kashe na'urar sanyi tun daren jiya, ina shan cittar Maman Khalifa. Ƙanena zai kai Hajiya gwajin majina ranar Litinin in Allah ya kai mu, ku sa ta a addu'a.