Tsofaffin kwamfutocin haraji (kasuwar gwanjo) ko sababbi ƙanana: wanne ya fi sauƙi a shekara 5?

Abu Maryam, Jidda:
Assalamu alaikum. Ina shirin saka kwamfutoci 4 da firinta a ofishinmu na buga takardu. A kasuwar gwanjo ta Sawarikh da ke nan Jidda ana samun tsofaffin na tebur da araha sosai, amma an ce mini wutar da suke sha za ta cinye rangwamen. Ina roƙon masana su yi mini bayani kafin in fitar da kuɗi.

Injiniya na Misfala:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Mu yi lissafi. Tsohuwar kwamfuta da allonta na iya jan wat 120, ƙaramar sabuwa kuma wajen 40. In suna aiki awa 10 a kwana 300, ta farko za ta sha kilowat-awa 360, ta biyu 120. Idan muka ɗauki halala 20 (halala 100 ce riyal 1) kan kowane kilowat-awa, wanda bai yi nisa da matakin farko na kuɗin wutar 'yan kasuwa ba, bambancin riyal 48 ne a shekara, wato riyal 960 ga guda 4 a shekara 5, ban da harajin kashi 15 cikin ɗari. Za a ƙara wani abu saboda zafin da suke fitarwa, domin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ne zai yi ta fama da shi. Duk da haka, a ƙasar nan wuta kaɗai ba ta isa ta yanke hukunci ba.

Abin da ya fi damuna shi ne Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta), kuma in ƙwaƙwalwar kwamfutar ta kamfanin Intel ce, sai ta ƙarni na 8 (wato zubi na 8) ko sama. Wanda yake riƙe da hotunan iƙama (katin izinin zama) da fasfo na jama'a bai kamata ya ajiye su a na'urar da ba a sabunta tsaronta ba.

Ummu Khalid, Madina:
Alhaji, firinta za ka fi lura da ita. Mai ƙaramin kurtun tawada tana da araha a saye, amma tawadar za ta yi ta cin aljihunka, kuma tana bushewa in an bar ta. Don baƙi da fari, mai leza ta fi. Ka kuma tuna sabon kaya yana da garantin shekara 2, na haraji kuwa in ya mutu, ya mutu.

Abu Maryam, Jidda:
Allah Ya saka da alheri. Injiniya, ta yaya zan gane ƙarnin Intel ɗin tun ina gaban mai shago?